Bushiyar da Ta Zo a Buhun Doya

Ruwan farko na bana ya sauka da la'asar, ya ɗauke kafin magariba. Da aka kawo wuta sai shinge suka taso, suka yanyame ƙwan lantarkin da ke bakin ƙofata. Ban san sa'ad da na ɗauko kwano na zuba ruwa na ajiye a ƙarƙashin fitilar ba. Sai da jikata ta ce, "Hajiya, me za ki yi da su?" sannan na dubi hannuna. Ba ni da abin yi da su. An fi shekara arba'in rabon da in tara wa wata shinge, amma hannu bai manta ba.

Zan ba ka labarin a jere, mai karatu, domin ni ba na son magana a hargitse. Gidan tukuna, sannan mutanen gidan, sannan abin da na aikata.

Gidan haya ne a nan Minna, can wajen layin dogo. Ɗaki goma sha biyu, shida suna kallon shida, a tsakaninsu siririyar tsakar gida da aka shafe da siminti. In ka ɗaga kai, abin da za ka gani na sama bai fi faɗin tabarma ba, shi ma igiyoyin shanya sun yayyanka shi. Famfo ɗaya ne, ba kullum yake kawo ruwa ba, ranar da ya kawo kuwa bokitai ne ke bin layi, masu su suna faɗa a kan wa ya riga wa. Ban ɗaki ɗaya, madafa ɗaya. Da rana kwanon rufi yakan yi zafi har ka ji yana ƙara. In jirgi ya wuce, kwanukan mahaifiyata su yi ta rawa a cikin kabad.

Mai gidan wani Alhaji ne, ɗan kasuwa mai sayar da kwanon rufi da ƙusa, wanda aka ce kakansa tare da aikin jirgi ya zo garin. Ya sa an rubuta dokokin gida da baƙin fenti a bangon zaure. Ta farko, ana kulle ƙofa bayan isha'i. Ta biyu, shara bi da bi ce, ɗaki bayan ɗaki. Ta uku, ba a ajiye dabba. Wannan ta ukun tana da asali: wata akuya ce ta taɓa cinye hannun rigar wani malamin makaranta a kan igiya, aka yi rigimar da sai da mai unguwa ya shigo. Ba zan ɓoye maka ba, ni ina son dokokin nan. Da su na koyi haɗa baƙi kafin littafin makaranta. Halin mahaifina na gado. Masinja ne a wani ofishin gwamnati, mutum mai son guga da ƙarancin magana, wanda ba ya shiga ɗaki sai ya jera takalmansa sun kalli wuri ɗaya. Ɗaki biyu muke riƙe da su, kullum kuma yana tuna mana cewa samun irinsu kusa da wurin aiki ba abin wasa ba ne.

Ina shekara goma aka kawo kakata, wadda ta haifi mahaifina. Daga wani ƙauye take a bayan Gwada. Ta faɗo daga tsanin rumbu ta karye a kwatangwalo, aka yi ɗori bai kama daidai ba, babu kuma mai kula da ita a can sai ƙaninta, shi ma tsoho. Aka kwashe ƙannena aka mayar ɗakin iyayenmu, aka sa mata gado a ɗaki na biyu, aka shimfiɗa mini tabarma a ƙasa. Daga ranar na zama ƙafarta.

Aikina a jere yake. Da asuba ruwan alwala. Sannan in fitar da fo in wanke. Sannan koko. In na dawo daga makaranta in shafa mata man zafi, in juya ta ɓarin da ba ya ciwo, in zauna. Zaman nan ya fi komai nauyi. Ina jiyo ƙawayena suna gaɗa a bakin titi, ni kuwa ina ƙirga ƙusoshin rufi, in na kai ƙarshe in koma farko.

Ita ma ba ta ji daɗin zaman ba, ba ta kuma ɓoye ba. Ruwan famfo, in ji ta, ɗanɗanon ƙarfe gare shi. Tuwon garin inji ba ya riƙe ciki. Siminti ba ya shan ruwa, ba ya fitar da ko ciyawa ɗaya da mutum zai kalla. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin inda manya ke bin layi da buta don su zaga ba. Duk ranar Juma'a in mahaifina ya dawo daga masallaci ya durƙusa gaishe ta, tambayarta ɗaya ce.

"Yaushe za ka mayar da ni?"

"In ƙafa ta warke, Inna."

"Haka ka ce waccan Juma'ar."

"Har yanzu dai ƙafar ce, Inna."

Sai ta juya ga bango. Ni kuma ta ce da ni, "Ke 'yar birni, matsa can, kin tare mini iskar da babu."

A farkon damina ƙaninta ya aiko mata da buhun doya. Mahaifiyata na zazzage shi a ƙofar ɗaki sai wani dunƙulallen abu ya mirgino, duk jikinsa ƙaya. Ta yi tsalle, ta yi salati, ta rarumi muciya. Kakata daga kan gado ta daka mata tsawar da ban taɓa ji daga bakinta ba.

"Kul! Bushiya ce. Miƙo mini ita nan."

"Inna, dokar Alhaji fa?"

"Baƙuwata ce, daga garinmu ta zo. Alhajin naku ya hana baƙi?"

Na naɗo ta a tsumma na ɗora wa kakata a cinya. Ta ce kowa ya yi shiru. Muka jira. Can sai dunƙulen ya ɗan saki. Hanci ne ya fara fitowa, baƙi, jiƙaƙƙe, yana ta motsi. Sannan idanu biyu kamar 'ya'yan gwanda. Sannan farin gashin goshi, sannan 'yan ƙafafu. Ta shinshina yatsan kakata, ta yi atishawa. Ranar na fara jin dariyar kakata a gidan nan. Daga baya mahaifina ya gaya mana cewa halinta ne tun yana yaro. Tana da hawainiya a bishiyar lemonta wadda ta hana yara jifa, tana da kunkuru a bayan rumbu. Mutanen ƙauyen suna cewa ita dai ba a gane mata.

Wani tulu muke da shi mai fasasshen baki. Shi aka kwantar a ƙarƙashin gado ya zama ɗakin bushiya. Aikina ya ƙaru da abu uku: neman abincinta, kwashe kashinta da toka, da tsaron ƙofa. In shinge sun tashi in tara su a kwanon ruwa. In babu, in bi bayan turame a madafa da gwangwani ina kama kyankyaso, ko in tono tana a gefen kwata. Da farko ƙyama nake yi, ina yi ina ƙunƙuni. Amma wanda bai ga bushiya na cin gyare ba bai san abin da ake kira cin abinci da zuciya ɗaya ba. Takan danne shi da ƙafa, ta tauna ƙuras-ƙuras, ta lashe baki, ta ɗago hanci tana neman ƙari. In ta lashi man zafin da ya rage a hannuna sai ta tara kumfa a baki, ta murɗa wuya tana shafa wa ƙayarta har ta tuntsure. Kakata ta ce ita ma ciwon baya gare ta. Sai da na yi wata guda kafin ta yarda ta buɗe a tafina. Cikinta fari ne, mai laushi, mai ɗumi, zuciyarta na bugawa da sauri a kan yatsuna.

Da magariba take fitowa. Takan bi bango ta zagaye kusurwa huɗu, ta dawo inda ta fara, ta sake. Sannan ta tsaya a bakin ƙofa, ta cusa hanci a ƙarƙashin ƙyaure tana shaƙar iskar waje. Kakata ta jingina da matashi tana kallonta, tana yi mata hira: wane ya kamata ya gama huɗa yanzu, rijiyar wance ta cika, gawon bakin rafi ya zubar da ganye. Ni ma a nan na san garin da ban taɓa zuwa ba. Na daina ƙirga ƙusoshi.

Wadda ta fara gano mu Maman 'yan biyu ce, maƙwabciyarmu 'yar kudancin Kaduna mai soya ƙosai. Ta kama ni a bayan turminta da gwangwanin kyankyaso, ta biyo ni har ɗaki, ta leƙa ƙarƙashin gado. Ta riƙe baki.

"Mama, wannan abu naka, a garinmu da tuni ya shiga miya."

"Shi ya sa Allah bai kai ta garinku ba," in ji kakata.

Suka yi ta dariya. Ba ta gaya wa kowa ba. Ranar Lahadi ma in ta dawo daga coci takan zo mana da fari a gwangwanin madara, ta ce 'yan biyu ne suka kamo wa baƙon Mama.

Haka muka ci damina. Bayan ruwa ya ɗauke asiri ya tonu. Wani yaro mai rarrafe daga ɗaki na huɗu ya shigo ina wajen famfo, ya zura hannu ƙarƙashin gado, ƙaya ta soke shi. Bai yi ko jini ba, amma uwarsa ta tsaya a tsakar gida tana kururuwa cewa tsohuwa tana ajiye abin tsafi. Ranar Asabar ce. Kafin la'asar Alhaji ya iso. Ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa, ya gaishe ta yadda ya kamata.

"Iya, ina ganin girmanki. Amma doka a rubuce take."

"Akuya aka rubuta ko bushiya?"

"Dabba aka rubuta."

"To, kyankyason madafarka fa, su wa ya ba su izini?"

Bai yi dariya ba. Ya juya ga mahaifina ya ce ya ba shi zuwa Juma'a, ko dabbar ta fita ko mu fita, don yana da masu jiran ɗakuna. Mahaifina ya ce, "To, ranka ya daɗe." Da ya tafi, mahaifina ya durƙusa gaban gado.

"Inna, ki taimake ni. In muka bar nan, ina zan kai ku?"

"Mai sauƙi ne. Ka mayar da mu tare, ni da ita."

Ya sunkuyar da kai. Ni na san abin da ya rufe masa baki. Tun tsakiyar damina ƙaninta ya aiko cewa ɗakinta na ƙauye ya rushe, mahaifina kuma ya hana a gaya mata. Babu inda za a mayar da ita.

A makon nan sanyi ya fara, muna hutun makaranta. Kullum sai kakata ta aike ni in kwaso mata busassun ganyen mangwaro, ta riƙa cusa su cikin tulun tare da tsummoki. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce, "Ke dai kawo." Bushiya kuwa ta daina fitowa da magariba. Abincin da na ajiye mata sai in same shi yadda na bar shi. Na ce a raina ba ta da lafiya. Mahaifina yana fita yana dawowa ba ya cin tuwon kirki. Mahaifiyata ta fara ɗaure kwanukanta a zani. Ni kuma ina ƙirga kwanaki: Lahadi, Litinin, Talata, Laraba.

Ranar Alhamis ce ranar asibitin kakata, sau ɗaya a wata. Iyayena suka cicciɓe ta zuwa tasi da safe, suka bar ni in share ɗaki. Ni ba na shara a bisa-bisa, sai na janye komai. Na jawo tulun, na zura hannu cikin ganyen, na fito da ita. A dunƙule take, jikinta sanyi ƙalau. Na taɓa ta ba ta yi hucin da ta saba ba. Na kai gyare kusa da inda hancinta yake. Na girgiza ta. Shiru.

Na yi kuka, amma ba mai tsawo ba. Sai kaina ya fara jera abubuwa kamar yadda ya saba. Na farko, ta mutu. Na biyu, ba a barin mushe a ɗaki. Na uku, bai kamata kakata ta dawo da gajiyar asibiti ta tarar da wannan ba. Na huɗu, dole Alhaji ya gani da idonsa, don ɗakunanmu su tsira. Na naɗe ta a tsohuwar jarida na kai shagonsa. Ya buɗe, ya tsokane ta da kan ƙusa, ya ce, "Shi ke nan. Ki gaya wa babanki magana ta wuce." Daga nan na haura layin dogo zuwa juji, na ajiye ta a sama inda rana ke duka. Na dawo na ƙone ganyen, na wanke tulun, na kife shi ya bushe. Na dubi ɗakin, tsaf. Ba zan yi maka ƙarya ba, har wani daɗi na ji cewa ni ƙarama na warware abin da ya gagari manya.

Bayan azahar suka dawo. Ana kwantar da kakata, abin da ta fara yi shi ne ta sauke hannu ƙarƙashin gado tana laluba. Na tsaya gabanta na faɗa mata komai, daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko ɗaya ba. Ta saurare ni har na gama.

"Kin kara ta a kunnenki?"

"A'a."

"Ta yi wari?"

"A'a."

"Barci take yi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce duk rani haka suke. In ruwa ya ɗauke, abinci ya yi wuya, sai su shige cikin ganye su dunƙule, jiki ya yi sanyi, ba za su tashi ba sai ƙasa ta jiƙe. Ta ce a garinsu yaro ƙarami ma ya san wannan.

"Na ce a raina ta kwanta abinta wata huɗu, ba motsi, ba ƙara, a ce wa Alhaji ta gudu. Kafin ta farka ƙafata ta warke, mu tafi tare."

"Kaka, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Bakinki ba ya riƙe ƙarya. Irin ubanki ce ke."

Ko takalmi ban sa ba na fita da gudu. Jaridar tana nan inda na ajiye ta, a buɗe, babu komai a ciki. Shirwa biyu suna shawagi a sama. Ga karnuka suna tono a gefe. Amma kuma ga ciyawa a bin layin dogo, ga wani kwalbati mai duhu ba nisa. Ko zafin rana ne ya tashe ta ta lallaɓa, ko wani abu ne ya ɗauke ta, ban sani ba. Na bi ciyawar da kara, na leƙa kwalbatin, na tona jujin da hannu har aka kira magariba. Da na koma, kakata ta dube ni. Da na so, da na ce na ga sawunta ya nufi ciyawa. Ba abin da zai rage ni da shi. Amma abin da na gani na faɗa, ban ƙara ba. Ta gyaɗa kai kawai.

A daren nan mahaifina ya dafa kaina ya ce, "Kin yi aikin hankali." A iya sanina, wannan ne karo ɗaya tak da ya yabe ni a fili. Mahaifiyata ta kwance kwanukanta ta mayar kabad. Ɗakunan sun tsira, muka ƙara shekara tara a cikinsu.

Washegari Juma'a, mahaifina ya dawo daga masallaci ya durƙusa gaishe da kakata. Ta amsa. Ya ɗan jira, kansa a ƙasa, amsarsa a shirye. Ba ta tambaye shi komai ba. Ba ta sake tambaya ba har abada. Ba ta taɓa yi mini faɗa a kan abin da na yi ba, wannan kuwa ya fi mini duka ciwo. Na ci gaba da kai ruwan alwala, da fitar da fo, da shafa man zafi, tana cewa sannu. Shekara uku ta ƙara a ɗakin, a nan ta rasu, a nan Minna aka rufe ta.

Yau ina zaune a Maitumbi, a gidan ɗana. Gida ne mai kyau, da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, an shafe tsakar gidan kaf. Na yi shekara talatin ina ɗinkin kayan makaranta, yanzu ido ya ƙi, gwiwa ma ta ƙi. In na ce zan shiga keke in je cikin gari sai ya ce girgizar hanya za ta tayar mini da ciwo, in faɗi abin da nake so a kawo mini. Ba ya yi da mugunta, na sani. Gonakin da muka tarar a bayan unguwar nan duk sun zama gidaje. Jikokina sun san bushiya, amma a waya suka gan ta, sun kuma ɗauka dabbar wata ƙasa ce. Jujin nan na bayan layin dogo shaguna ne yanzu.

Har gobe ni mai son tsari ce, kowa a gidan ya sani. Buta tana da wurinta, carbi yana da ƙusarsa. Abu ɗaya ne kawai surukata ta kasa gane mini. Kwanan baya tana shara ta ga wani ɗan kadangare kwance a bayan tankin ruwa, ba ya motsi. Ta kai tsintsiya. Na tsayar da ita daga bakin ƙofa.

"Hajiya, ya mutu fa."

"Kin tabbata?"

"To, ga shi nan a sandare."

"Ku bar shi ya kwana," na ce. "In gobe yana nan, ni zan kwashe da kaina."